Dafin ƙwayar cuta da garkuwar jiki: Darasin shekaru goma na binciken sanƙarau a Zariya

A gefen garin Ushafa da ke Ƙaramar Hukumar Bwari ne Madatsar Ruwa ta Usuma take, kuma daga nan ake samar da akasarin ruwan famfon da birnin Abuja ke sha. Ana tace ruwan, a zuba masa sinadarin kulorin domin kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tura shi cikin bututu zuwa unguwanni. An tanade shi ne domin sha da girki da wanka. Sai dai babu ƙwararren mai haɗa magunguna da zai yarda a ɗura wa majiyyaci wannan ruwa ta jijiya, ko da an tafasa shi sau goma.

Dalili shi ne wasu ƙwayoyin cuta kan mutu su bar baya da ƙura. A jikin fatarsu akwai wani sinadari da masana ke kira endotoksin, wato dafin da ke manne a jikin ƙwayar cuta, wanda tafasawa ba ta lalata shi. Idan ya bi ta baki, hanji kan tare shi, hanta ta kawar da ɗan abin da ya tsallake. Idan kuwa ya shiga jini kai tsaye, ɗan ƙanƙani daga cikinsa ya isa ya jawo zazzaɓi da rawar ɗari, mai yawa kuma yana iya kai mutum kushewa.

Wannan dafi ne ke bayan saurin kisan da cutar sanƙarau ke yi a arewacin Najeriya duk lokacin zafi. Wani muhimmin ɓangare na abin da duniya ta sani game da yadda jikin ɗan Adam ke fafatawa da wannan cuta, a Zariya aka gano shi, ta hannun wani likita ɗan Birtaniya, Brian Greenwood, da abokan aikinsa 'yan Najeriya da na ƙetare.

Asalin gano dafin

A shekarar 1884 wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina bakteriya da ta raba su gida biyu: waɗanda ke riƙe rinin da waɗanda ke sakin sa idan an wanke. Daga baya aka gane cewa masu sakin rinin suna da ƙarin fata a waje, kuma a wannan fata endotoksin yake. A cikin wannan gida akwai ƙwayoyin da ke haddasa kwalara, da zazzaɓin taifot, da yawancin ciwon mafitsara, da kuma ƙwayar meningokokas mai jawo annobar sanƙarau.

Wanda ya raɗa wa dafin suna shi ne Richard Pfeiffer, Bajamushe da ke aiki a cibiyar Robert Koch a birnin Berlin. A 1892 ya lura cewa ko da ya kashe ƙwayoyin kwalara da zafi, idan ya yi wa ɓeran Masar allurarsu sai dabbar ta mutu. Ya fahimci cewa dafin a jikin ƙwayar yake, kuma zafi bai karya shi ba.

Shekaru talatin bayan haka, asibitoci na fama da wani abin ɗaure kai: majiyyata na kamuwa da zazzaɓi bayan an yi musu allura da tataccen ruwan da babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsa. A 1923 wata Ba'amurkiya mai nazarin sinadarai, Florence Seibert, ta nuna cewa ragowar jikin bakteriya ne ke bin feshin ruwa yana tsallakawa cikin tataccen ruwan. Ta gyara na'urar tacewar yadda za ta tare feshin, aikin da ya taimaka wajen mayar da ƙarin ruwa abin da ake yi ba tare da fargaba ba.

Har yau kamfanonin magunguna kan gasa kwalaben allura a busasshen zafi na digiri 250 a ma'aunin Salshiyas na aƙalla minti 30 kafin su tabbatar dafin ya lalace. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa. Wutar da mata masu ginin tukwane a Ushafa ke gasa kayansu da ita ta zarce abin da ake buƙata, amma tukunyar da ke kan murhu ba ta kai ko rabin hanya ba.

Daga Ibadan zuwa Zariya

An haifi Brian Greenwood a 1938, ya yi karatun likita a Jami'ar Cambridge da Asibitin Middlesex da ke Landan. A 1965 ya zo Najeriya, ya kama aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. A can ya lura cewa wasu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, irin su wani nau'in ciwon gaɓoɓi da ya zama ruwan dare a Turai, ba kasafai ake ganin su ba a tsakanin majiyyatansa. Ya yi zargin cewa zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtukan da mutane ke tashi da su tun suna yara na sauya yadda garkuwarsu ke aiki. Wannan tambaya ce ta mayar da shi Ingila ya ƙaro ilimin garkuwar jiki.

A 1970, shekarar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, ya dawo Najeriya, wannan karon zuwa sabuwar tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Farfesa Eldryd Parry ke jagorantar sashen cututtukan cikin jiki. Shekaru goma ya yi a can yana duba marasa lafiya, yana koyarwa, yana bincike.

Zariya na cikin yankin da likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zayyana a 1963 a matsayin zirin sanƙarau, wanda a yau ya ratsa ƙasashe 26 daga Senegal zuwa Habasha. Tun a 1905 aka rubuta rahoton annobar cutar a arewacin Najeriya. Duk bazara majiyyata kan cika asibiti, a wasu shekarun kuma, kamar 1977, abin kan zama babbar annoba.

Abin da aka gano a gadon asibiti

Matakin farko shi ne gane cutar da wuri. A 1971 Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle da wata abokiyar aikinsu sun wallafa wata hanyar gwaji da ke gano ɓurɓushin rigar ƙwayar meningokokas a ruwan laka ko a jini, ba sai an jira ƙwayar ta tsiro a ɗakin gwaji ba. Da wannan gwaji suka lura cewa majiyyatan da ɓurɓushin ya bayyana a jininsu sun fi shiga haɗari.

Wannan ya haskaka bambancin da ke tsakanin fuskoki biyu na cutar. A fuska ta farko ƙwayar kan tare a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, ta jawo ciwon kai da sanƙarewar wuya, alamar da cutar ta samo sunanta na Hausa daga gare ta. A fuska ta biyu kuwa ƙwayar kan yaɗu a cikin jini, tana ninkuwa tana zubar da gutsattsarin fatarta masu ɗauke da endotoksin. Wuya na iya ƙin sanƙarewa sam, amma sai hawan jini ya faɗi warwas, hannu da ƙafa su yi sanyi, tabon jini ya feso a fata, mutum ya cika cikin ƙasa da kwana guda.

A 1976 Greenwood da Whittle da wani masani ɗan Najeriya, Onyewotu, sun wallafa sakamakon awon da suka yi wa majiyyata 211. Sun auna wani rukunin sinadaran jini da aikinsu shi ne manne wa ƙwayar cuta su huda ta, su kuma kira fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. A majiyyata 13 da cutar ta mamaye jininsu, sun tarar sinadaran sun ragu ƙwarai, alamar cewa jiki ya zazzage su gaba ɗaya a lokaci guda, kuma tara daga cikin waɗannan majiyyata sun rasu. Masanan sun yi nuni da cewa wannan zazzagewar na iya kasancewa cikin abubuwan da suka durƙusar da zagayawar jininsu.

Sun kuma bi diddigin wasu majiyyatan da, bayan sun fara murmurewa, sai gaɓoɓinsu su kumbura ko gyambo ya fito musu a fata. Bincike ya nuna cewa ba ƙwayar ce ta dawo ba. Makaman da jiki ya ƙera ne suka cuɗe da ragowar ƙwayar, suka taru a gaɓoɓi da ƙananan jijiyoyi. A duka yanayin biyu darasin ɗaya ne: wani kaso na ɓarnar daga martanin jikin majiyyacin kansa yake fitowa.

Tsohuwar tambayar Ibadan ma ta samu amsa a Zariya. A 1978 aka wallafa binciken da ya nuna cewa yaran da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ba sa karɓar rigakafin sanƙarau na wancan zamani yadda ya kamata, kuma raunin kan ɗore har wata guda bayan sun warke. A 1984 Greenwood da abokansa sun kawo bayani kan dalilin da ya sa cutar ke bin yanayi. Ƙwayar na zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba, rani da damina. Abin da ke sauyawa shi ne ƙarfin shingen hanci da maƙogwaro, wanda suka yi hasashen bushewar iska da ƙurar hunturu na raunana shi, har ƙwayar ta samu kafar shiga jini. Shi ya sa annobar kan lafa da zarar ruwan sama ya sauka.

Ta fuskar magani, tawagar Zariya, ciki har da Dokta Sadiq Wali, ta nuna a 1979 cewa allura guda ta maganin kuloramfenikol mai daɗewa a jiki na iya warkar da sanƙarau. A lokacin annoba, inda ma'aikacin lafiya ɗaya ke kula da gomman majiyyata, wannan sauƙi ne babba. An daɗe ana amfani da hanyar a faɗin Sahel, kafin wani gwaji da aka yi a Jamhuriyar Nijar a 2003 ya nuna cewa maganin seftiriyazon ma na yin aikin.

Yadda jiki ke jin shigowar dafin

Abin da ba a iya aunawa sosai ba a wancan lokaci shi ne saƙon da ke tayar da wannan tarzoma a jini. Amsar ta biyo wata hanya da makiyayan Afirka za su gane. Wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami, ya yi mamakin yadda shanun da suka kamu da sammore a Kenya ke ramewa matuƙa alhali ƙwayoyin cutar da ke jininsu ba su taka kara sun karya ba. Ya yi zargin cewa jikin dabbar ne ke fitar da wani sinadari mai ramarwa.

A 1985, a ɗakin bincikensa na Jami'ar Rockefeller da ke New York, wani matashin likita mai suna Bruce Beutler ya ware wannan sinadari, aka kuma gane cewa shi ne wanda wasu masana suka riga suka sani da TNF. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fitar da shi idan suka haɗu da endotoksin. Da aka toshe aikinsa a jikin ɓeraye, sai suka tsira daga allurar dafin da a da za ta kashe su.

Likitocin ƙasar Norwe, waɗanda su ma suka sha fama da sanƙarau, sun tabbatar da haka a jikin mutane. A 1987 suka ba da rahoton samun TNF a jinin majiyyata 10 daga cikin 11 da suka rasu, amma a 8 kacal daga cikin 68 da suka rayu. A 1989 Petter Brandtzaeg da abokansa a birnin Oslo suka nuna cewa gwargwadon yawan endotoksin a jinin majiyyaci, gwargwadon haɗarin gazawar sassan jikinsa da mutuwarsa.

Saura tambaya ɗaya: da me ƙwayar jini ke gane dafin? Beutler, wanda ya koma birnin Dallas, ya shafe kimanin shekaru biyar yana laluben ƙwayoyin gadon wani irin ɓera da endotoksin ba ya yi wa komai. A 1998 tawagarsa ta gano cewa ɓeran na da tawaya a wani ɗan sinadari da ke saman ƙwayoyin garkuwa mai suna TLR4, wanda shi ne mai gadin da ke jin shigowar dafin ya yi kururuwa. Shekaru biyu kafin nan, tawagar Jules Hoffmann a Faransa ta gano ɗan'uwan wannan mai gadi a jikin ɗan ƙaramin ƙudan da ke bin 'ya'yan itace. Su biyun sun raba kyautar Nobel ta fannin likitanci ta 2011 da Ralph Steinman.

Wani abin lura game da ɓerayen nan shi ne, duk da cewa dafin ba ya kashe su, ƙwayoyin cuta masu rai irin su salmonela na gamawa da su cikin sauƙi, domin jikinsu ba ya farga da wuri. Ke nan martanin da jiki ke mayarwa kariya ce. Idan ƙwayoyin kaɗan ne kuma a wuri guda, zazzaɓi da kumburi na taimakawa a murƙushe su. Idan kuwa sun cika jini, sai kururuwar ta tashi ko'ina a lokaci guda: jijiyoyi su saki, ruwa ya tsiyaye daga cikinsu, jini ya riƙa daskarewa a ƙananan hanyoyi yana tsinkewa a wasu, ƙoda da huhu su gaza. Garin neman gira sai a rasa ido.

Wannan yanayi ne likitoci ke kira sefsis, wato gurɓacewar jini sakamakon martanin jiki da ya wuce kima. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da su sun nuna cewa a 2017 mutane kusan miliyan 49 ne suka shiga wannan hali a duniya, miliyan 11 suka mutu. Ba dukkansu endotoksin ne sanadi ba, domin ƙwayoyin da ba su da shi, irin su numokokas mai haddasa ciwon huhu da wani nau'in sanƙarau, su ma suna tayar da garkuwa ta wasu ƙofofin.

Magani da rigakafi

An yi fatan cewa gano dafin da mai gadinsa zai haifar da maganin da zai kashe wutar kai tsaye. Fatan bai cika ba. An janye wani maganin da aka ƙera domin kama endotoksin a 1993, wani kuma mai toshe TLR4 ya gaza rage mace-mace a babban gwajin da aka wallafa a 2013. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa shi ne, kafin majiyyaci ya iso asibiti tarzomar ta riga ta yi nisa. Abin da ya tabbata yana ceton rai shi ne a ba da maganin kashe ƙwayar cuta da wuri, a ƙara ruwa, a tallafi numfashi, sama da duka kuma a hana kamuwa tun farko.

A nan ma Najeriya ta biya farashi mai tsada. A annobar 1996, rahoton da Farfesa Idris Mohammed da abokansa suka wallafa ya lissafa mutane fiye da 109,000 da suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac, wanda aka ƙaddamar a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, aka kuma fara a Najeriya a 2011, ya kusan kawar da rukunin A na ƙwayar, wanda shi ne ya fi addabar Zariya a zamanin Greenwood. Sai dai rukunin C ya taso, inda a annobar 2017 fiye da mutane 14,000 suka kamu, sama da 1,100 suka mutu, akasari a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kariya daga rukunoni biyar: A, C, W, Y da X.

Shi kuwa Greenwood ya bar Zariya a 1980 zuwa Gambiya, inda ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya na shekaru 15. A can aka gudanar da gwaje-gwajen da suka nuna cewa gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. Daga 1996 ya koma makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan, ya ci gaba da aiki kan ba yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina, tsarin da jihohin arewa ke bi a yau. A 2008 ƙasar Japan ta ba shi kyautar Hideyo Noguchi ta Afirka a karonta na farko.

Dafin da kansa ma an samu hanyar cin moriyarsa. Masana sun rage masa kaifi, suka samar da wani sinadari da ake zubawa a wasu alluran rigakafi domin ya zaburar da garkuwa ba tare da ya jawo tarzoma ba. Yana cikin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S da aka fara bai wa yara a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, wanda Greenwood na cikin waɗanda suka gwada haɗa shi da maganin damina a Mali da Burkina Faso.

Abin da ya shafi magidanci

Ga mazaunin Ushafa, ko Bwari, ko Dutse, ko kowane gari da cunkoso ke ƙaruwa a cikinsa, wannan dogon tarihi na da amfani ta fuskoki biyu.

Na farko ya shafi abin da ake sa wa mutum ta jijiya. Kowane ruwan ƙari da ruwan haɗa allura dole ne a gwada shi a tabbatar babu endotoksin fiye da ƙa'ida. A da zomaye ake yi wa allura a auna zafin jikinsu. Daga baya aka koma amfani da jinin wata halittar teku mai kama da kaguwa, wanda ke daskarewa da zarar ya taɓa dafin, bisa aikin da Frederik Bang ya fara a 1956, ya kammala tare da Jack Levin. Ido ba ya ganin dafin, ruwa garau na iya ɗauke da shi. Don haka ruwan ƙarin da ba shi da lambar rajistar NAFDAC, ko wanda robarsa ta huje, ko wa'adinsa ya ƙare, haɗari ne, haka ma haɗa allura da ruwan leda ko tafasasshen ruwa. Majiyyacin da ya fara rawar ɗari ana tsaka da ƙara masa ruwa na buƙatar a sanar da ma'aikacin lafiya nan take.

Na biyu ya shafi lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya kan mutu, ɗaya cikin biyar kuma kan tashi da lalura mai ɗorewa, kamar kurumta ko farfaɗiya. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya tare da ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, ruɗewa ko yawan barci, sanyin hannu da ƙafa, ko tabon da ba ya ɓacewa idan an danna shi, alamu ne da ba a kwana da su a gida. A jarirai, kumburin maɗiga, ƙin kama nono da kuka marar daɗin ji na iya zama alamun farko. Jiran wuya ya sanƙare kafin a tafi asibiti kuskure ne, domin fuskar cutar da ta fi saurin kisa ba lallai ta taɓa wuya ba.

Ƙasashen duniya sun ɗauki alƙawarin kawo ƙarshen annobar sanƙarau nan da 2030. Akwai rigakafi, akwai magani, akwai kuma ilimin da aka tara tun daga ɗakunan majiyyata na Zariya. Abin da zai yanke hukunci a kowane gida shi ne ko an kai yaro rigakafi a kan kari, da kuma sa'o'i nawa aka ɗauka tsakanin fara zazzaɓi da isa asibiti.